Ka yi sammako, amma kada ka ba su kwamfutar aikinka

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin abin da kake shirin yi shi na yi. Ka ce wannan ne zuwanka na farko taron fasaha, kana tambaya ko ka isa da wuri, kuma ko ka saka sabuwar manhajar da za su nuna a kwamfutarka tun a can.

Sammakon dai ka yi shi. Babu layi a wurin rajista, ka karɓi katinka ka rataya, ka kama kujera kusa da soket. A lokacin ne ma waɗanda suka rubuta manhajar da hannunsu suke tsaye a rumfa, ba su gaji ba, ka tambaye su su amsa maka a tsanake. Intanet ma da safen ne take da rai. Da zaure ya cika, kowa da waya da kwamfuta, shi ke nan, domin irin Wi-Fi ɗin da ake kira 2.4 GHz tashoshinsa uku ne kacal ba sa hawa kan juna, sai cunkoso ya yi masa yawa. Ko Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple a lokacin, ranar da yake nuna iPhone 4 a 2010, sai da ya roƙi mutanen zaure su kashe Wi-Fi ɗinsu kafin ya iya ci gaba.

To ni a nan na shiga uku. Na isa babu kowa, wani saurayi a wata rumfa ya tare ni da fara'a, manhajarsu ta daidaita fayiloli tsakanin na'urori. Ya ce, "Yallaɓai, minti biyu ne kawai." Na buɗe kwamfutata a kan teburinsa. Ta nemi izinin shiga fayilolina, na amince. Ta nemi folda, shi da kansa ya miƙo yatsa ya nuna wadda aikin wata uku na wani abokin cinikina yake ciki, wai ita ce babba, za a fi ganin saurin abin. Ana cikin lodi mutane suka fara shigowa, intanet ta yanke. Da ta dawo sai manhajar ta ɗauka asusun da na buɗe a lokacin, wanda babu komai a cikinsa, shi ne daidai, ta fara goge abin da ke foldar don ta yi daidai da shi. Ina kallo fayilolin suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa kwandon shara, wayam.

Wallahi har yau ba asarar ce ta fi ci mini rai ba, amsarsa ce. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ta gwaji ce, beta ce, an rubuta a cikin sharuɗɗa. Ko haƙuri bai ba ni ba. Ya juya ya tari wanda ke bayana da fara'ar nan tak da ya tare ni da ita. Na zauna a ƙasa jikin bango, hannuna yana rawa, ana ta tafi a cikin zaure ban san me ake cewa ba. Saƙo huɗu na tura musu daga baya, babu amsa. Da bakina na kira mai aikin na faɗa masa, kuma bai sake ba ni aiki ba.

Don Allah ka kwafe komai a wani faifai na daban ka bar shi a gida. Idan sun ce ka gwada, ka ce a kwamfutarsu za ka gwada, ai don haka suka jera su. In kuma dole sai a taka, ka tafi da tsohuwar da ba ka damu da ita ba, ko ka saka manhajar cikin VirtualBox, wata manhaja ce da ke yi maka kamar kwamfuta ta daban a cikin taka, kyauta ce, abin da ya lalace a ciki ya tsaya a ciki. Filashin da ake rabawa ma kada ka soka shi a kwamfutarka. Ka buɗe wani imel na musamman don rajista, in ba haka ba saƙonnin talla su cika maka akwati. Kada ka manta da caja.

In Allah ya kiyaye wani abu ya goge, ka kashe kwamfutar nan take. Ni na ci gaba da danne-danne ina neman mafita, ga faifan ajiyar kwamfutata irin SSD ne, wanda ke share gurbin fayil ɗin da aka goge da wuri, mai gyara bai iya ceto komai ba.

Faɗa mini, Windows kake amfani da ita ko Mac? Sai in nuna maka yadda za ka yi kwafin kafin ranar.