Filin Tambaya: Zane ya yi kyau a kaye, ya yi dauɗa a hoto

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai ƙunshi ce a unguwar Zariya, nan Maradi. Shekara shida ina yi wa amare lalle, kuma duk zanen da ya zo mini a rai sai na fara gwada shi a kaye da bik. Yanzu kaye uku sun cika. Ina so in fitar da su fes, baƙin layi a kan fari, in buga ɗan littafin da amarya za ta duba ta zaɓa, in kuma sa ɗaya a allon shagona. Amma in na ɗauka da waya sai takardar ta fito toka-toka, gefe ɗaya da duhu, ga layukan kaye sun ratsa furannin. Na tura wa wani mai ɗab'i ta WhatsApp, ya ce ba zai bugu ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴata. Mai ɗab'in nan bai yi miki ƙarya ba, dalilin ne kawai bai gaya miki ba. Na daɗe ina buga riguna da katunan biki a ɗan shagona kusa da babbar kasuwa, kuma yawancin zanen da ake kawo mini a waya tun wajen ɗaukar hoton ya lalace. Kwamfuta tana wanke dauɗa, amma layin da kamara ba ta kama ba, ba ta da inda za ta samo shi. Don haka daga kayen za mu fara.

Ina kyautata zaton kayen irin na ƴan lakwal ne, mai shuɗayen layuka da ja ɗaya a gefe, bik ɗin ma shuɗi ne. Nan gizo ke saƙar. Hoton waya launi uku ne a haɗe, ja da kore da shuɗi, kuma manhajar GIMP, wadda kyauta ce, tana raba su ki ɗauki guda. In aka ɗauki kason shuɗi, duk wani abu shuɗi sai ya koɗe har ya kusa ɓacewa. Da wannan dabarar muke kawar da shuɗayen layukan kaye. To idan zanen kansa shuɗi ne, tare za su tafi. Ko dai ki bi kansa da baƙar maka mai siririn baki, mai lamba 0.3 ko 0.5, ko ki kwafe shi a sabuwar takarda. Ni na fi son kwafewar. Ki manna shafin a gilashin taga da rana, ki ɗora farar takardar A4 a kai, ki bi da baƙi. Na san kaye uku ba wasa ba ne, ki zaɓi ashirin da amare suka fi nuna wa yatsa ki fara da su. Ranar da za ki yi, hannunki ya kasance a bushe, domin tabon ɗanyen lalle a takarda ƙarin aiki ne gare ki a gaba.

Sai ɗaukar hoto, wanda shi ne rabin aikin. Ban da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ban da filashi. Ki fito da hantsi ki shimfiɗa takardar a bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, inda haske ya wadata amma rana ba ta taɓa ta. Inuwar dogon yaro ba ta yi, ganye zai yi wa takardar dabbare-dabbare. Kwanakin hunturu da hazo ke rufe rana, hasken nan mai laushi ya fi kowane fitila da zan iya saya, sai dai ki goge idon kamarar da gefen mayafi kafin ki fara, don ƙura kaɗan ta isa ta dusashe siririn layi.

Kada ki riƙe wayar a hannu kina sunkuye, inuwarki ce duhun nan na gefe ɗaya. Ki kwantar da ita a bakin tebur, kamara ta leƙo ƙasa, takarda na shimfiɗe a kan tabarma daidai saitinta. In wayar ta karkata, da'irar tafin hannu sai ta koma kamar ƙwai. Ki sa takardar ta cika hoton, ki taɓa zanen a fuskar wayar don ta saita ido a kansa, ki ja alamar ranar nan sama kaɗan. Abin da ke mai da farar takarda toka shi ne kamara tana neman tsaka-tsakin haske a kowane hoto, in ta ga fari ya yi yawa sai ta rage shi da kanta. Ki sa agogon daƙiƙa uku ki janye hannu. In akwai zane a bayan shafin yana lekowa, ki sa baƙar takarda a ƙarƙashi, zai ɓace.

Yanzu ga dalilin mai ɗab'i. Don takardar A4 ta bugu da kyau muna son ɗigo 300 a kowane inci, wato ɗigo 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Kamarar waya mai megafiksel 12 tana ba da 4000 da 3000, ya wadatar. Amma in kika tura shi a WhatsApp a matsayin hoto, sai a matse shi don ya yi sauƙin tafiya, tsawonsa ya dawo wajen 1600, ƙasa da rabin abin da ake bukata. Ƙananan ɗige-ɗigen da kike jerawa a gefen yatsa su ne farkon mutuwa. Ki riƙa turawa a matsayin takarda, wato Document, ta alamar maƙala fayil, ko ki kai wayar a zare hoton da igiya.

Wankewar kanta ba ta da wuya. In kwamfutar da Faransanci take, kamar yawancin namu, ga sunayen da za ki gani. Ki buɗe hoton a GIMP ki cire masa launi ya koma fari da baƙi. Ki kwafi fallen, wato shimfiɗar da hoton yake kai, ya zama biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na saman ki dusashe shi sosai da Flou gaussien, har zanen ya narke ya ɓace, abin da ya rage sai hasken takarda da inuwarta kawai. Sannan ki canja yanayin wannan fallen zuwa Diviser. Nan take duhun gefe zai tafi, takarda ta yi fari daga wannan kusurwa zuwa waccan, domin kin raba hoton da inuwarsa ke nan, zane kaɗai ya saura. Har yau in na nuna wa yaran shago wannan sai sun ce in sake.

Ki haɗe fallayen biyu ki shiga Niveaux. Za ki ga wani tudu da ƴan alamomi uku a ƙarƙashinsa. Ta dama ki jawo ta ciki har ragowar tokar ta tafi, ta hagu ki turo ta har layi ya yi baƙi ƙirin. A hankali, idonki na kan layin da ya fi kowane siranta, da kin ga ya fara yankewa ki koma baya. Akwai wani wurin mai suna Seuil da ke yanke hukunci lokaci guda, kowane ɗigo ko fari ko baƙi. Yara suna son shi don sauri, ni kuwa ba na barin su fara da shi, gefen layi yakan fito kamar haƙoran zarto. Daga nan sai haƙuri: ki ƙara girman hoton, ki bi shi lungu-lungu kina goge ƙura, kina haɗa inda maka ta tsallake. Ki adana shi a fayil irin PNG. JPEG duk lokacin da aka gyara aka sake adana shi sai ya ƙara wa gefen layi dauɗa.

In babu kwamfuta kusa, ibisPaint X a waya tana yin mafi yawan wannan. Da kin shigo da hoto za ta tambaye ki ko ta ciro layin zanen, ta ba ki abin ja na baƙi da na fari. Ga littafin amare, wannan ya isa.

Allon shago ne ke son wani mataki. Hoton ɗige-ɗige in aka ja shi ya kai mita biyu sai ya farfashe. Ana mai da shi bekta, wato zanen da kwamfuta ke riƙe da shi a lissafin lanƙwasa, ko girman bango aka ja shi gefensa sumul. Inkscape, ita ma kyauta, tana yin haka da wani inji mai suna Potrace da ke cikinta. Ki danna Shift da Alt da B tare, ki gwada lambar iyakar fari da baƙi, tana farawa daga 0.45, ki adana a SVG.

A nan nake roƙonki abu ɗaya. Akwai maɓallin sauƙaƙa layi, Ctrl da L, yana rage ƙulle-ƙullen zane ya yi santsi. Wata shekara lokacin kokowar takobi, wani yaro ya kawo mini zanen ƴan kokowa biyu sun sarƙe, yana so a buga a riguna. Ya danne alƙalami a cinya da kafaɗa, ya sassauta a wajen layu da guraye, har kana jin nauyin mutanen. Na danna maɓallin nan sau huɗu ina neman tsabta. Da ya dawo ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ce, "Baba, ya yi kyau, amma ba hannuna ba ne." Gaskiya ya faɗa. Kaurin layi ya zama ɗaya ko'ina, layun sun koma ƙwallaye. Daren nan na sake aikin daga hoton farko. Ke ma inda hannunki ya yi kauri a gindin ganye ya sirance a bakinsa, shi ne abin da amare ke biyowa har unguwar Zariya. Ki goge ƙura, ki bar wannan. In za ki danna maɓallin, sau ɗaya, kuma ki ajiye na asali a gefe kina gwadawa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga Tsibirin Gobir nake rubutowa. Mahaifina mai ɗinkin babbar riga ne, ya rasu ya bar jakar zanen aiki da kireyon a kan takardar buhun siminti, akwai aska takwas da aska biyu da tambari. Sun fara koɗewa. In bi su da maka kamar yadda kake faɗa? Kuma za su shiga keken surfani na kwamfuta?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna ce makoma. Ɗan'uwa, kada maka ta taɓa takardun nan. Shawarar bi da baƙi ta mai zanen da ke raye ce, wanda in ya ɓata zai sake. Kai in kana son kwafi, ka ɗora takardar kalk, mai shara-sharan nan, ka bi a kanta.

Amma kafin komai ka ɗauke su yadda suke. Ka danne su kwana biyu a ƙarƙashin littattafai masu nauyi su miƙe, domin kowace lanƙwasa inuwa ce, kwamfuta kuma layi take ɗaukarta. In ka samu sikana ta fi waya, ka ce a sa a ɗigo 600 a kowane inci, kuma da launi, ko da yake zanen kireyon ne. Dalili shi ne takardar siminti ruwan ƙasa ce, in ka raba launuka ka ɗauki kason ja sai ta yi haske sosai, kireyon kuwa ya tsaya da duhunsa. Wanda ya fi gilashin sikana girma a ɗauke shi kashi-kashi, kowane kashi ya hau kan ɗan'uwansa da kamar yatsa uku don a samu wurin haɗawa. In waya ce, ka guji hasken da ke dukan takardar kai tsaye, kireyon yana ƙyalli, layi baƙi sai ya fito fari. Ka ajiye ƴar rula a gefen kowane zane ta fito a hoton, in ba haka ba nan da shekara biyar ba wanda zai san ainihin tsawon askar.

Batun keke, zane mai tsabta bai isa ba. Keken yana son a gaya masa inda allura za ta soka da inda zare zai bi, fayil irin DST na kekunan Tajima ko PES na Brother. Tun fitowar Inkscape 1.0 a 2020 tana iya bin tsakiyar layi maimakon gefunansa biyu, wanda shi ya fi dacewa da zare, kuma akwai ƙarin manhaja kyauta mai suna Ink/Stitch da ke fitar da waɗannan fayiloli. Aiki ne na zama da koyo, kuma cikon da Baba ke yi da allura, mai sanin ɗinki ne zai tsara shi, don haka ka zauna da ɗaya daga cikin yaransa na shago.

Ka kai hotunan wurin tsofaffin abokan sana'arsa su faɗa maka sunan kowane zane da irin rigar da ake yi wa shi, ka sa wa fayil ɗin wannan sunan. Ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a wajen gida. Takardun kuwa a kwance tsakanin kwali biyu, a ɗaga su daga ƙasa kafin damina ta faɗi, saboda gara.