Injin babur ɗina ya gaji: in kwance shi a gida ko in kai wa makanike?

Wani ɗan kasuwa ya aiko da wannan tambaya: "Ina saro albasa da busasshen tattasai a Kware, Wurno da Goronyo, ina kawowa cikin garin Sakkwato. Babur ɗina mai dogayen ƙafafu ne na shiga daji, 125, ba irin wanda ake haɗa masa baƙin mai da fetur ba. Yanzu yana hayaƙi, yana shan baƙin mai, kuma ba ya jan kaya a cikin yashi. Makanike ya ce sai an sauke injin gaba ɗaya, kuɗin da ya yanka mini kuwa zai taɓa uwar kuɗina. Zan iya aikin a gida da sifanonin da nake da su?"

Malam, Allah Ya sa wa nema albarka. Za ka iya rabin aikin, kuma alamun da ka lissafa duk a wannan rabin suke. Inji hawa biyu ne. A sama akwai kan silinda da makanikai ke ce wa tof, da bawul, da bulok, da fistin da ringinsa. A ƙasa akwai karanshaf, kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf), boris da giya. Na sama yana kwantuwa da sifana mai lamba 8, 10, 12 da 14, da sifanar fulogi, da filaya mai tsinin baki, da 'yan siraran ƙarafan nan na awon tazara masu kama da reza, waɗanda ba su da tsada. Na ƙasa yana son abin zare maganeto da injin matsa karanshaf, kuma wanda ya ce zai maye gurbinsu da guduma, sai ya sayi abin da ya fasa.

Saboda haka kada ka sayi ko noti ɗaya kafin ka buɗe. Ka tsiyaye baƙin man a farin kwano ka kalle shi a rana. In ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe ko na tagulla, cutar ta sauka ƙasa. Bayan ka cire tof da bulok, ka kama kwanrod ka ja shi sama ka danna ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, amma in ya yi ƙwas sama da ƙasa ko yaya, to makanikenka ya yi gaskiya, kai masa. Sabon fistin a kan kwanrod mai wasa asarar kuɗi ce.

In ƙasa lafiya lau, sai ka duba cikin bulok. Ka ja farcenka a bangonsa: in ya maƙale a wani zane, ko ka ji tudu a can sama inda ringi ke tsayawa, sai an yi borin, wato a fafe ramin bulok ya ƙara faɗi. A nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi, domin sukan sayi ringi kawai su zura a tsohon rami, bayan 'yan makonni hayaƙi ya dawo. Fistin na ƙari yana zuwa hawa-hawa, 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00 na milimita. Ka kai bulok wurin mai borin ya auna ya gaya maka lambar, ka sayo fistin ɗin, sannan ya fafe ramin daidai da fistin da ke hannunsa. In bulok ya riga ya kai hawa na ƙarshe, ka tambayi farashin sabon bulok da fistinsa a haɗe. Shi kansa tof, ka kifa shi ka zuba kananzir a ramukan shiga da fitar iska. In ya tsattsafo ta bakin bawul, a ba mai gyara ya goge su ya sa sabbin robobin bawul, domin su ma suna kawo hayaƙi.

Wurin haɗawa, ka zura kowane ringi shi kaɗai a cikin bulok, ka daidaita shi da kan fistin, ka auna tazarar bakinsa. A inji irin naka tana kaiwa wajen 0.15 zuwa 0.35 na milimita. In bakin ya haɗe, da inji ya ɗau zafi ringi zai kumbura ya kama bango, kuma zafin Afrilu a Sakkwato, da ke wuce digiri 40, ba ya yafe wannan kuskure. Rubutun jikin ringi yana kallon sama, bakunansu kuma a rarraba su, kada su yi layi ɗaya. In an rubuta IN a kan fistin, wannan gefen yana kallon kafireta. Ka cusa tsumma mai tsabta a bakin injin kafin ka sa 'yan makullan fil ɗin fistin, kuma sababbi za ka sa. Ɗan ƙarfen nan in ya yi tsalle ya faɗa ciki, aikin yini ɗaya ya zama na mako.

Gaskit ma sabo, kada a maimaita tsoho. Notocin tof a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku, da gajeriyar sifana. Ƙara mata bututu shi ke cinye zare. In naka mai sarƙar taimin ne, alamar T ta maganeto ta tsaya daidai da tsagar murfi, alamar gurar sama da sarƙar ke juyawa kuma daidai da tata. Ka ɗauki hotonsu da waya tun kafin ka kwance. Sannan ka juya injin da hannu sau biyu. In ya cije, kada ka taka kik, bawul ne ke taɓa fistin. Tazarar bawul ana saita ta ne inji na sanyi, galibi tsakanin 0.05 da 0.10 na milimita, gwargwadon abin da littafin babur ɗin ya ce.

Yanzu lissafi. Ka rubuta abu uku a takarda: kuɗin kaya da borin, ladan makanike da za ka tsira da shi, da ribar kowace ranar kasuwa da babur zai yi a kwance. Na ukun ne ake mantawa. In aikin da makanike zai gama a kwana biyu zai ci maka shida a tsakiyar kakar albasa, ka biya shi, ka zauna kusa ka ga abin da aka sa maka. In lokacin da kasuwa ta ja baya ne, yi da kanka. In kuwa jimillar gyaran sama da ƙasa ta haura rabin kuɗin lafiyayyen inji, ni dai shawarata a canza injin. A kan fistin da ringi kada ka bi araha, ka ɗauki tsohon ka je da shi shago a gwada. Kuɗin kuma ya fito daga riba. In ba ta isa ba, gara ka nemi mai kayan gyara ya ɗaga maka ƙafa zuwa kasuwa biyu da ka rage buhunan da kake sarowa.

Bayan an tayar, kilomita 500 na farko ban da lodi mai nauyi da murɗa totur har ƙarshe, sannan a juye baƙin mai a zuba sabo. Ka kuma leƙa iyakilina, wato matatar iska, da robar da ta haɗa ta da kafireta, domin ƙurar hunturu da ta hanyar fadama ta nan take shiga ta cinye ringi. In soson ya yage a canza shi, in lafiyarsa lau a wanke da kananzir, a shafa masa ɗan baƙin mai a matse. Daga ranar kuma ka riƙa ware wa babur ɗin wani abu a kowace tafiya, a asusu dabam da na albasa.