Amsa ga mai jin kamar wani abu ya tokare mata maƙogwaro

Malama, kin ce wata uku ke nan kina jin kamar wani ƙullutu ya tsaya miki a maƙogwaro, ba ya wucewa kuma ba ya fitowa, kin sha maganin mura da na kashe ƙwayoyin cuta amma shiru, ga tsoron ko ciwon daji ne. Allah ya ba ki lafiya. Abin da kika kwatanta sananne ne, likitoci na kiransa gulobus, kuma mutane da yawa suna gamuwa da shi a wani lokaci na rayuwarsu.

Ki fara gwada abu ɗaya. Ki lura da kyau lokacin cin abinci: loma tana wucewa lafiya, ko tana maƙalewa? A gulobus abinci da ruwa suna wucewa sumul, sau da yawa ma abin yakan lafa yayin da ake ci, sai an gama an zauna ana haɗiyar yawu sannan ya dawo. Yawanci a tsakiyar wuya ake jinsa, tsakanin zakaran wuya da ɗan ramin nan na saman ƙirji. Ba ya zafi, yana zuwa yana tafiya, yakan tsananta da yamma ko ranar da rai ya ɓaci. Idan haka naki yake, alama ce mai kwantar da hankali, domin ƙari na gaske ba ya kaucewa don an zo cin abinci.

Amma akwai alamomin da ba a zama da su a gida. Abinci mai tauri kamar nama ko burodi yana tsayawa sai an kora da ruwa, kuma abin na ƙaruwa. Zafi wajen haɗiya. Rama ba dalili. Disashewar murya da ta wuce mako 3. Ciwon kunne ɗaya alhali kunnen lafiyarsa ƙalau. Ƙullutun da hannu ke iya taɓawa a wuya, ko jini a kaki ko amai, ko yawan ƙwarewa wajen ci da sha. Ko ɗaya daga ciki ya isa a je asibiti cikin kwanakin nan, balle ga mai shan taba ko giya, ko wanda shekarunsa suka ja. Idan kuma farat ɗaya abin ya fara bayan cin kifi ko haɗiyar ƙwayar magani, da jin suka a gefe ɗaya, wannan maganar ƙaya ce ko rauni, daban take.

Ko babu ɗaya daga cikinsu, wata uku ya isa ki ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Zai lalubi wuyanki ya duba ko akwai maƙoƙo ko kaluluwa, sannan ya zura wata siririyar na'ura mai kyamara ta hanci ya leƙa har inda murya ke fitowa. Ana fesa maganin kashe zafi a hanci tukuna, aikin 'yan mintoci ne, ido yakan ɗan kawo ruwa, shi ke nan. Mutane da dama daga ranar da aka ce musu ba a ga komai ba abin ke fara sauƙi.

To me ake ji, tunda babu komai a wurin? A bakin hanyar abinci daga sama akwai wata tsoka mai kamar zobe. A rufe take koyaushe, sai an zo haɗiya take sakewa. Idan ta ɗaure fiye da kima, ko fatar wurin ta ƙara saurin jin abu, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka wani abu ne ya tsaya. Abubuwa uku suka fi jawo haka: ruwan tsamin ciki da ke tasowa sama, majinar da ke gangarowa ta bayan hanci, da damuwa. Kada ki ce ai ba ki da ƙwannafi. Tsamin yakan kai maƙogwaro ba tare da an ji ƙuna a ƙirji ba, sai dai a tashi da safe da murya a dishe, baki da ɗaci, ga yawan gyaran murya. Ita kuwa damuwa, duk wanda ya taɓa danne kuka ya san yadda wuya ke shaƙewa. Tsokokin wurin ne suka ɗaure, ba wai mutum ne ke ƙirƙirar ciwon ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen ƙoƙarin fitar da abin. A yi gyaran murya, a kakaro, a haɗiyi yawu don a ji ko yana nan, wasu har da tura yatsa ko tsayawa gaban madubi da fitilar waya. Duk gyaran murya ɗaya gwara tantanin murya ne da ƙarfi, wurin ya ɗan kumbura, ya ƙara fitar da majina, sai a sake jin buƙatar kakari. Haɗiyar yawu a kai a kai kuma tana busar da maƙogwaro, tana tura iska ciki, ga gyatsa, gyatsar kuma ta taso da tsami. Haka abin ke ciyar da kansa har watanni. A ganina karya wannan ɗabi'ar ya fi kowane magani tasiri, kuma shi ne mafi wuya.

Ki ajiye gorar ruwa kusa da ke. Duk sanda kika ji za ki kakara, ki kurɓi ruwa kaɗan, ki sunkuyar da haɓa ƙasa, ki haɗiye sau ɗaya da ƙarfi, ki ci gaba da abin da kike yi. Idan babu ruwa, ki fitar da iska a hankali kamar mai hura madubi, sannan ki haɗiye. Ki ce wa mutanen gida su riƙa tuna miki, don yawanci mai yi ba ya sanin yana yi. Kwanakin farko za ki ji kamar abin ya ƙaru. A ba shi mako 2 zuwa 3. Ruwan sha ya kai lita ɗaya da rabi zuwa 2 a yini, kaɗan-kaɗan, in dai likita bai taƙaita miki ruwa ba. Surace da ruwan zafi zalla na minti 10 yana taimakawa. Alewar tari mai sanyaya wuya kuwa daɗinta na ɗan lokaci ne, bayan nan busarwa take yi.

Don sassauta tsokar, ki yi hamma babba da gangan, ki sauke ta da ajiyar zuciya mai sauti, sau 5. Ki karkatar da kai zuwa kafaɗar dama ki ƙirga 10, ki koma hagu. Ki lura ko kina yini da haƙora a datse: leɓɓa a rufe, haƙora a ware, haka ya kamata baki ya huta. Sau 3 a rana ya wadatar.

Ta ɓangaren tsami, a bar awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da santimita 15 zuwa 20 da bulo ko katako. Tara filo ba ya maye gurbin wannan, lanƙwasa mutum yake yi ya matse ciki. Kwanciya ta gefen hagu ta fi. A rage maiƙo, yaji, kofi, cakulan da lemon kwalba, a bar taba ɗungurungum.

Idan likita ya rubuta miki maganin rage tsamin ciki, wato omeprazole ko danginsa, lokacin shan yana da muhimmanci: minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, ciki ba komai. Yana aiki ne a kan ƙwayoyin da ke fitar da tsami sa'ad da abinci ya tashe su, don haka wanda ya sha bayan ya ƙoshi ya yi asarar kaso mai yawa na amfaninsa. Kuma maƙogwaro ba ya warkewa da sauri kamar ƙwannafi, akan ba shi mako 8 kafin a ce bai yi ba. Masu sha kwana 5 su watsar su ne ke cewa ba ya aiki. Wajen dainawa ma a hankali ake ragewa, in ba haka ba tsamin yakan yi tsalle ya dawo na ɗan lokaci. Wani magani mai suna Gaviscon, in an sha bayan abinci da lokacin kwanciya, yana yin kumfa a saman abin da ke ciki ya tare shi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta dai ki daina, ba shi da aiki a nan.

Idan atishawa da toshewar hanci na damunki, ki faɗa wa likita, wanke hanci da ruwan gishiri ko maganin fesawa na iya tsayar da majinar. Mai amfani da abin shaƙa na asma ya kuskure baki bayan kowace shaƙa. In an yi wata 2 zuwa 3 ana bin duk wannan babu canji, ko wata sabuwar alama ta ɓullo, a koma. Daga nan akan leƙa hanyar abinci da ciki da kyamara, ko a ɗauki hoton wuya, wani lokaci a haɗa mutum da mai koyar da sarrafa murya da haɗiya, ko a magance damuwar kanta idan ita ce ke rura wutar.