Wannan malami ne, a ba shi hakkin malami

Ɗana, saƙonka ya iso, ina gaishe ka da iyali. Ka ce mutumin da ke koya wa jikata zamiya a kan dusar ƙanƙara can Ostiriya ƙafarsa ɗaya ce, kuma kana tambaya ko ya dace ka damƙa masa 'yar sadaka, kamar yadda muka saba idan mun ga gurgu.

Kada ka yi haka, don Allah. Sadaka ta mabuƙaci ce. Shi wannan sana'arsa yake ci, kuma 'yarka ce ke karatu a hannunsa.

Inda kake ɗin nan, abin yana da asali. A yaƙin duniya na biyu gurneti ya raba wani sojan Ostiriya, Sepp Zwicknagel, da ƙafafunsa duka biyu. Da ƙafafun roba ya koma kan dutse, ya koya wa kansa zamiya, har ya zama malaminta a garin Kitzbuhel, ya kuma kafa sashen naƙasassu a ƙungiyar wasan ta ƙasar. Wani Bajamushe, Franz Wendel, da ya rasa ƙafa ɗaya, shi ya ɗaura 'yan gajerun allunan zamiya a ƙasan sandunan dogarawarsa. Da ire-iren wannan ƙoƙari aka kai ga gasar Paralympics ta hunturu ta farko, wato Olympics ta naƙasassu, a Suwidin, a 1976. Ka ga malamin jikata ba baƙo ba ne a wannan fage.

Ka kuma daina ɗauka cewa al'adarmu bara kaɗai ta tanadar wa mai lalura. Muna yara makafi ne ke tufka igiya suna kai ta kasuwa. Akwai makafin alarammomi da almajirai ke durƙusa wa, ba mai tuna idonsu. A Kano guragu da kansu suke walda, suna ƙera kekunan da 'yan'uwansu ke hawa. Sarkin Makafi da Sarkin Guragu ma sarauta ce da fada ta san da ita. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka bari yaranmu suka taso, da zarar sun ga sanda sai hannu ya tafi aljihu.

Ka biya shi kuɗin aikinsa cif, a kan lokaci. Yarinya ta gaishe shi da ladabi, ta kira shi malam, kada ta ƙura wa ƙafarsa ido. Idan sanyi ya wuce kana son kyautatawa, ka kai masa tsaraba daga gida, ko kilishi ko hula, ka ce godiya ce daga kakanta.

Ka gaida maiɗakinka.