Amsa: biskit ɗin kirfa yana bajewa wajen gashi

'Yar'uwa, bajewar da kika ce biskit ɗinki yana yi, daga bota ne. In ya narke kafin ki kwaɓa, dole ya shimfiɗe. Ki bari ya yi laushi kawai, ki buga shi da rabin kofin sukari, ki fasa ƙwai ɗaya, sannan fulawa kofi biyu da ƙaramin cokali na garin kirfa. Kar ki zarce haka, kirfa in ta yi yawa ɗaci take yi.

Sa kwaɓin a firij minti 30, ki gasa a zafin digiri 180 na Salsiyos kamar minti 12. Gefen na yin ja ki sauke, ko da tsakiyar da sauran laushi, zai ƙarasa da ya huce. Lokacin sanyi, da shayin citta ya fi tafiya.