Amsa: Wa ya gina dogayen benayen Chikan?

Malam, ka ce ka ga hoton dogayen benaye masu fasalin Turai a tsakiyar gonakin shinkafa a Chikan, kana tambaya ko Turawa ne suka mulki wurin. A'a, 'yan garin ne da kansu suka gina su. Chikan na ƙarƙashin birnin Kaiping a lardin Guangdong na ƙasar Sin, a bakin kogin Tan. Tun ƙarni na 19 mazan yankin suke tafiya ci-rani Amurka da Kanada, aikin haƙar zinari da shimfiɗa layin dogo. Da kuɗin da suke aikowa gida aka yi yawancin benayen nan da ake kira diaolou, musamman a shekarun 1920 da 1930. Sama da 1,800 na nan tsaye a Kaiping, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2007.

Tsayin ba don ado ba ne kawai. Ƙasar kwari ce, ruwa na yawan cin ta, ga 'yan fashi da suka san gidan ɗan ci-rani ba ya rasa abin ɗauka. Da na je daga Guangzhou bayan na gama sarin kaya, na ga ƙofofin ƙarfe da 'yan ramukan harbi a bango, hannu ma da ƙyar yake shiga. Sai dai tsohon garin yanzu ya koma wurin yawon buɗe ido, sai da tikiti. Ni na fi jin daɗin ƙauyen Sanmenli, inda benen Yinglong yake tun zamanin daular Ming, wata tsohuwar daular sarakunan Sin.