Amsa ga ƙanenmu na Jega mai son koyon dizain

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka gama sakandare, waya kaɗai gare ka, kana son koyon dizain amma Baba ya ce latse-latsen waya ba sana'a ba ce. Wallahi da na karanta sai na ga kaina. Haka mahaifina ya riƙa faɗi, sai ranar da ya riƙe katin ɗaurin auren ƙanwata, aka ce masa ni na tsara.

Sana'a ce, ana cin tuwo da ita. Katin biki, kalanda, sitika, bana, tambarin shago, har takardar da ake liƙa wa robar zoɓo, duk aikinmu ne. Fara da manhajar PixelLab ko Canva a wayar taka, amma kada ka zauna nan. Shagunan buga takardu a Birnin Kebbi manhajar kwamfuta ta CorelDRAW suka fi aiki da ita, sai Photoshop wajen gyaran hoto. Ka nemi maigida, ka zauna kusa da injin ko da wata shida ne.

Amma don Allah kada ka taɓa aikin kowa sai ya ba da kafin alƙalami. Gab da zaɓen 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuya, yaron wani ɗan takara ya zo mini da aikin fosta, yana ta "haba, ni da kai ba ta ɓaci". Kwana uku ban runtsa ba. Babu wuta, man janareta da kuɗina. Sau huɗu yana sa ni canza hular maigidansa. Kuɗin bugawa kuwa wajen yayata na ranto, ita kuma akuyarta ta sayar. Ya zo da daddare ya loda fostocin a bayan mota, ya ce gobe. Har yau goben ba ta yi ba. Na bi hanyar kasuwa ina kallon aikina a jikin kowane bango, aljihuna ko na acaɓa babu. Mun haɗu a masallacin Juma'a, ya kau da kai. Ba kuɗin ne ke cin raina ba, yadda yayata ba ta taɓa tayar da maganar ba ne. Na bar shi da Allah.

Yanzu rabi nake karɓa, samfuri kuma da sunana rubuce a tsakiyarsa nake turawa.

Ka kula da kala. Allon waya da tsarin kala na haske (RGB) yake aiki, injin bugawa kuma da na tawada (CMYK), shi ya sa koren da ke walƙiya a waya yake fitowa a dushe. Hoton da aka turo ta WhatsApp an matse shi, idan aka buga shi a jikin bana fashewa yake yi, ka ce a turo shi a matsayin fayil. Sannan salon haruffa da yawa ba su da ƙ, ɗ, ɓ, sai ka ga akwati a wurinsu, ko "ƙasa" ta koma "kasa". Ka sa wanda ya kawo aikin ya karanta sunaye da kansa kafin a buga, musamman katin aure.

Idan kana da halin ci gaba da karatu, jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na koyar da fannin, kada ka yar da boko. Kuma ka riƙa tashi kana hutar da ido, ni yanzu da tabarau nake aiki.

Ka tsara wa wani mai shago a unguwarku tambari, ka buga, ka kai wa Baba ya riƙe da hannunsa. Kafin ka buga turo shi nan mu duba maka.